Dan Allah masu sani: 'yata ta kamu da son tanis, in sayar da fili in kai ta waje ko in dakata?

Baban Hanifa, Malali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya san harkar ya gaya min gaskiya tsakani da Allah ko da ba za ta min daɗi ba.

Ina da yarinya 'yar shekara 9. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, sai na fara zuwa Murtala Square duk Asabar da sassafe, nakan tafi da ita don kar ta dami uwarta a gida, to ni ina zagaye ita kuma sai ta je ta maƙale jikin waya tana kallon masu buga tanis, ko na gama sai na yi da gaske take yarda mu tafi. Wata rana wani bawan Allah ya miƙa mata tsohon raket ya ce gwada. Wallahi tun daga ranar bangon gidanmu bai huta ba, da ta dawo islamiyya ta ajiye jaka sai kas kas kas har a kira magariba. Yanzu akwai wanda ke koya mata sau uku a sati, kuma ya ce min yarinyar nan tana da hannu da ƙafa, ya daɗe bai ga yaro mai karanta ƙwallo irinta ba, in aka tsaya mata za ta yi nisa.

Maganar nan ta hana ni barci. Ni ma'aikacin gwamnati ne, 'ya'yana biyar, abin da na mallaka bayan gidan da muke ciki fili ne guda ɗaya a Rigachikun. Na ga ana cewa makarantun tanis na Sifaniya su ne ke fitar da manyan 'yan wasa, har na fara tunanin in sayar da filin in kai ta ko na shekara ɗaya ne. Mamanta ta ce sam ba da yawunta ba. Ni kuma tsorona kar Allah ya ba yarinya baiwa ni in zama sanadin binne ta.

Me ake buƙata a zahiri kafin yaro ya zama ƙwararren da ke cin abinci da tanis? Nawa ne, shekara nawa ne, kuma ta ina ake farawa daga nan Kaduna?

Koci_TudunWada

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ni da tsintar ƙwallo na fara ina ɗan shekara 10, manya na bugawa mu muna gudu muna kwaso musu, in sun tashi mu ari raket mu buga kafin duhu, daga baya na buga gasanni na cikin gida har da gasar Dala a Kano, yanzu koyar da yara nake yi. Don haka abin da zan faɗa maka ba a waya na karanto duka ba.

Kar ka sayar da filin nan. Aƙalla ba yanzu ba.

Yarinya 'yar shekara 9 babu abin da za a koya mata a Sifaniya wanda ba za a iya koya mata a nan ba in an dace da malami. Abin da take buƙata yanzu riƙon raket daidai, sabis, wato bugun fara wasa, mai kyau tun daga tushe, aikin ƙafa, da buga wasa da yara iri-iri. Abu na farko da zan tambaye ka, da wace irin ƙwallo take atisaye? Domin hukumar tanis ta duniya, ITF, ta kasa ƙwallon yara kashi uku, ja ga ƙanana, sai mai ruwan lemo, sai mai koren ɗigo, kowace ta fi ta manya laushi da rashin gudu, kuma tun 2012 doka ce ba a yin gasar 'yan shekara 10 zuwa ƙasa da ƙwallon manya. A nan garin sau da yawa sai ka ga an ba yaro raket ɗin babba mai inci 27 da ƙwallon manya tana tashi sama da kansa, dole ya murɗe riƙonsa don ya kai gare ta, shikenan ya tashi da gurguwar dabara wadda gyara ta sai an sha wuya, ga ciwon gwiwar hannu da kafaɗa tun yana ƙarami. A shekarunta raket mai inci 25 ya ishe ta. Wannan gyaran bai kai kuɗin buhun shinkafa ba amma ya fi tikitin jirgi amfani a wajenta yau.

Sai maganar hanya, don ka san tsawonta. Daga yanzu zuwa 12 gasannin yara na cikin gida ne, Kaduna, Abuja, Kano, Legas, akwai wanda Babban Bankin Najeriya ke ɗaukar nauyi na yara da na manya. Abuja ma Allah ya taimake mu ga jirgin ƙasa daga Rigasa. Sai ta cika 13 ne za ta iya shiga gasannin matasa na ITF, masu ba da makin duniya, matakai ne, ana fara su daga ƙarami J30 har zuwa babba J500, kuma a nan ne kuɗi ke fara zuba kamar an huda buhu, saboda a gasar matasa ba a ba da ko sisi, maki kawai ake tarawa, ga shi 'yan kaɗan ake yi a Najeriya, dole sai an fita Togo, Benin, Gana, Kodebuwa, in abin ya yi gaba Masar da Tunisiya da Maroko. Kowace fita tikiti, otal, abinci, kuma yarinya mace ba za ka tura ta ita kaɗai ba, ke nan komai sau biyu. Ƙwallo tana mutuwa cikin 'yan kwanaki, igiyar raket tana tsinkewa, takalmi a kan filin siminti ba ya wata uku a ƙafar mai atisaye kullum, raket ɗin manya sabo ya haura dala 200 kuma ba guda ɗaya ake riƙewa ba. Wannan hidimar shekara biyar zuwa shida za ka yi kana yinta babu abin da ke dawowa. In ka ƙone kuɗin filin tana 9, da me za ka yi wannan tana 14, lokacin da ake ainihin buƙatarsa?

Kuma ko ta zama ƙwararriyar, ƙananan gasannin manya da kowa ke farawa da su, W15, duka kuɗin da ake rabawa dala 15,000 ne ga kowa da kowa, wadda ta ci kofi ta tashi da dala dubu biyu da 'yan kai, wadda aka cire a zagayen farko abin da za ta samu ko otal ba zai biya ba. ITF da kanta ta yi lissafi da alƙaluman 2013 ta ce sai namiji ya kai wajen na 336 a duniya, mace na 253, kafin abin da suke samu ya yi daidai da abin da suke kashewa, kuma wannan ba a sa albashin koci a ciki ba. Kuɗin gaske yana manyan gasanni huɗu na duniya da ake kira Grand Slam, a ɗaya daga cikinsu, Wimbledon ta Ingila, a 2024 wanda aka cire a zagayen farko ma fam 60,000 ya ɗauka, amma mutum 128 ne kacal ke shiga a kowane ɓangare, na maza da na mata, daga duk duniya. Tanis ba kamar ƙwallon ƙafa ba ce da kulob zai ɗauke ka ya biya ka albashi ko kana benci. Nan kai ne kulob ɗin, kai ne mai biyan koci, in ka ji ciwo babu mai ba ka komai.

Ban faɗi wannan don in kashe maka gwiwa ba, wallahi ina son in ga 'yar Kaduna a talabijin kafin in mutu. Nduka Odizor ɗan Najeriya ne kuma ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, Sadiq Abdullahi ya wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu. An taɓa yi. Amma ka lura Odizor ta jami'ar Houston a Amurka ya bi.

Abu Ammar

Malam ni ban san tanis ba amma tambaya ɗaya gare ni, mace ce fa. Ka yi tunanin shigar da ake yi a wasan nan? Yanzu tana ƙarama ba komai, nan da shekara huɗu fa? Ga yawon ƙasashe, ga islamiyya da hadda da za su tsaya. Ni a ganina ka bar ta ta riƙa yi don lafiyar jiki kawai, filin kuma ka bar wa 'yan uwanta, su ma suna da haƙƙi a kai. Allah ya sa mu dace.

Maman Khalifa, Barnawa

Abu Ammar maganarka ta haƙƙin sauran yara gaskiya ce kuma zan dawo kanta. Ta sutura kuwa akwai sauƙi fiye da yadda mutane suka ɗauka, babu dokar da ta ce dole sai da guntun siket, hukumar tanis ta mata, WTA, ma tun 2019 ta fito fili ta halatta dogon wando mai kama jiki, ana iya ɗora riga mai tsawo a kai, yaran da na gani a gasannin gida da yawa haka suke yi har da ɗankwali. Wannan tsakanin iyaye ne da 'yarsu da tarbiyyar da suka ba ta.

Baban Hanifa ni uwa ce da ta bi wannan hanyar shekara takwas da ɗana, bari in gaya maka abin da Koci bai faɗa ba, don shi ya yi maganar aljihu ni zan yi ta cikin gida.

Ɗana ya fara yana 7. Yana da kyau sosai, yana 12 babu sa'ansa da ke tsaya masa a nan. Babansa ya ɗauki abin da zafi, da niyya mai kyau fa, amma sai ya zama duk ranar da yaro ya faɗi wasa motar nan shiru har gida, ko kuma lissafi, na kashe kaza na kashe kaza kai kuma ka je ka zubar. Yaro tun yana murnar zuwa fili har ya koma in an ce gobe gasa sai ciwon ciki, sai amai. Mun cire shi daga makarantar boko ta kirki mun mai da shi wata da ba a damu da zuwansa ba don ya samu lokacin atisaye, wannan ita ce nadamar da har yau ke ci min rai. Yana 15 kafaɗa ta samu matsala, wani da ke duba shi ya ce ba komai ya ci gaba da bugawa, ashe abin ƙaruwa yake, kafin mu farga an kai inda sai hutun wata da watanni. Da ya warke ya ce Mama ni fa na gaji. Ranar na yi kuka, ba don tanis ba, don na ga tun yaushe yaron nan yake ɗauke da kaya shi kaɗai. Ga jarrabawar WAEC ta zo ba shiri, sai da ya zauna sau biyu. Ƙannensa kuma har yau sukan ce ai Yaya ne ɗan gida, mu 'yan rakiya ne, da wasa suke faɗa amma na san daga ina maganar ta fito.

To in ka sayar da fili saboda yarinya 'yar shekara 9, ko ba ka taɓa buɗe baki ka faɗa mata ba za ta sani, yara suna ji. Duk ƙwallon da ta buga waje za ta ji kamar filin Babanta ta jefar. Wannan nauyin ya fi ƙarfin babba ma.

Da za a dawo da ni baya, makaranta ce ba zan taɓa ba. Jami'o'in Amurka suna ɗaukar 'yan tanis su biya musu karatu da masauki da koci, kuma mata suna da dama sosai a nan, amma sai da sakamako mai kyau da Turanci, ba raket kaɗai suke dubawa ba. Mayar Sherif 'yar Masar ta wannan hanyar ta bi, ta yi jami'a a Kalifoniya, ta fito ta shiga cikin 100 na duniya, har ta ci kofin WTA a Italiya a 2022. In ƙwararriyar ta yiwu alhamdulillah, in ba ta yiwu ba ga digiri a hannu ba bashi. Ɗana da mun riƙe masa karatunsa da wataƙila ya samu wannan.

Kuma dan Allah ka bar ta ta yi wasu wasannin, guje-guje, tsallen igiya, langa ma, ta yi wasa da ƙawayenta. Ka riƙa tambayarta kin ji daɗi yau? kafin ka tambaye ta wa ya ci.

Matashi_Kawo

Hajiya Allah ya saka da alheri, labarin nan ya taɓa ni. Amma ni ina da ja kaɗan da ke da Koci. Duk manyan da muke gani ai iyayensu kasada suka yi. Sharapova babanta ya ɗauko ta daga Rasha zuwa Amurka tana 'yar shekara 7 da dala 700 a aljihu. Djokovic yana 12 aka tura shi Jamus, babansa har bashi mai ruwa ya ci. Baban su Serena da Venus a unguwar talakawa ya koya musu a filin gwamnati. Da sun tsaya lissafi irin namu da ba mu san su ba. Mu kullum a dakata a dakata har yaro ya wuce lokaci, shi ya sa ba mu da kowa. Wanda bai yi kasada ba ai ba ya cin riba.

Koci_TudunWada

Ƙanena na ji ka, kuma zafin da kake ji ni ma ina jinsa. Amma waɗanda ka lissafa su ne suka tsallake, su ake nunawa. Iyaye nawa ne suka yi irin wannan kasadar a shekarar da baban Sharapova ya yi tasa, suka koma gida hannu rabbana? Ba mai hira da su. Ni na san mutum biyu a ƙasar nan da suka yi, ba zan kama suna ba.

Kuma duba misalan naka da kyau. Baban Serena bai sayar da komai ya tura su wata ƙasa suna 9 ba, a filin unguwa ya fara da su, da suka koma Fulorida ma ya cire su daga gasannin yara ya ce su yi karatu su girma tukuna. Nadal a garinsu ya zauna ƙanin babansa na koya masa. Sinner har ya kai 13 wasan zamiya kan ƙanƙara ya fi ba ƙarfi. Alcaraz sai da ya kai 15 ya koma makarantar tanis ta tsohon ɗan wasa Ferrero a ƙasarsu Sifaniya. Ons Jabeur, wadda ta fi kusa da mu, mamarta ce ta fara kai ta fili tana 3, a Tunisiya ta tashi, tana 12 ta koma babban birninsu, kuma ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon sau biyu, 2022 da 2023. Tiafoe iyayensa 'yan Saliyo ne, yana yaro babansa mai kula da wata cibiyar tanis ne a Amurka, abin da ya samu shi ne fili da bango kullum da malamai a kusa. Gaggawa kuma an ga illarta, Jennifer Capriati ta shiga gasar manya tana 13, ta ci zinare a Olamfik ta 1992, ba a jima ba ta bar wasan a gajiye, sai da ta sha fama kafin ta dawo, bayan haka ne aka kafa dokar taƙaita yawan gasar da yarinya 'yar ƙasa da 18 za ta shiga.

Ni ban ce kar a yi kasada ba, lokacinta nake magana. In Hanifa ta kai 13 ko 14 tana doke sa'o'inta a Najeriya, ta fita Afirka ta Yamma ta yi abin kirki, a lokacin ba kai kaɗai za ka ɗauki kayan ba, akwai gasar matasa ta Afirka, akwai tallafin da ITF da manyan gasanni huɗun ke ba yaran ƙasashe irin namu, har cibiyar horo aka yi a Kasabalanka ta Maroko wadda 'yan Najeriya suka zauna a ciki. Amma sai an gan ta a gasa tukuna. Yabon koci ɗaya, ko ni ne, ba ya isa a sayar da ƙasa a kai.

Baban Hanifa, Malali

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Khalifa na karanta naki sau uku, na kuma miƙa wa mamanta wayar ta karanta, ba ta ce komai ba sai da ta gama ta ce ka gani ko. Allah ya ba Khalifa lafiya mai ɗorewa ya buɗa masa ta inda ba ku zato. Gaskiya na tsargu, don satin da ya wuce da wani yaro ya cinye ta na yi mata faɗa a mota, daren nan zan zauna da ita.

Abu Ammar islamiyya ba za ta tsaya ba in sha Allahu, da yamma take zuwa, atisayen ne za mu gyara wa lokaci.

Koci na je na duba, ƙwallon manya ce take bugawa, raket ɗin ma na manya ne wanda aka ba ta tun farko, ashe shi ya sa take yawan cewa hannunta na mata ciwo ni ina cewa rashin sabo ne. Filin na bar shi. A ina zan samu mai koren ɗigon nan da raket mai inci 25, akwai a kasuwar Gumi ko sai na aika Abuja? Kuma in ba damuwa ranar Asabar muna wurin tun bakwai na safe, da za ka daure ka zo ka kalle ta ko na minti goma ne ka duba min riƙon nata.